Tambaya da Amsa: Yadda ake shirya binciken lafiyar lemo kafin a fitar da shi ƙasashen waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba, kuma na daɗe ina sauke lemon zaƙi daga Jihar Binuwai. A bana wasu masu saye guda biyu sun tuntuɓe ni, ɗaya daga wata ƙasar Larabawa, ɗaya kuma daga Turai, kowannensu yana cewa sai kayan sun zo da takardar shaidar lafiyar tsirrai. Wani dillali ya ce mini in bari sai an gama loda kwantena, shi zai samo mini takardar cikin kwana ɗaya. Malam, wace hukuma ce ke ba da ita, kuma yaushe ya kamata in kira masu bincike? Daga wani mai karatu, Zuba, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Zan fara da maganar dillalin, domin ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarka. Takardar da ake samowa bayan an rufe kwantena, ba tare da wani ya buɗe kwali ya yanka lemo ya duba ba, takarda ce da za ta iya fitar da kayanka daga Najeriya amma ba za ta hana a buɗe su a can ba, kuma idan aka buɗe aka ga tsutsa ɗaya mai rai, za a iya lalata kayan ko a mayar da su, kuɗin yin hakan kuma daga aljihunka zai fito. Bayan haka sunan Najeriya zai shiga rajistar ƙasashen da aka kama kayansu, wanda hakan ke ƙara tsananta bincike a kan duk wanda zai aika kaya a bayanka. Ina roƙonka ka bar wannan hanya.

Hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki ita ce NAQS, wato hukumar tarayya mai lura da lafiyar tsirrai da dabbobi masu shiga da fita, wadda hedikwatarta ke nan Abuja kusa da kai, kuma tana da jami'ai a filayen jiragen sama da tashoshin jiragen ruwa da kan iyakokin ƙasa. Ita ce ke wakiltar Najeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta shekarar 1951, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke riƙe da ita a birnin Rum. Saboda wannan yarjejeniya ne takardar ke da fasali iri ɗaya a ko'ina, kuma saboda ita ne jami'in wata ƙasa ke amincewa da sa hannun jami'inmu. Abin da takardar ke faɗa shi ne an duba waɗannan kaya, an same su ba su ɗauke da ƙwari da cututtukan da ƙasar da za ta karɓa ta haramta, kuma sun cika sharuɗɗanta. Ka lura da kalmar nan ta ƙarshe, domin sharuɗɗan da ake aunawa na ƙasar mai karɓa ne.

Don haka aikinka na farko shi ne ka rubuta wa kowane mai saye ya turo maka, a rubuce, izinin shigo da kaya ko sharuɗɗan da hukumar tsirrai ta ƙasarsa ta gindaya wa lemo daga Najeriya. Da wannan takarda za ka je ofishin NAQS, tun lemon yana kan bishiya, ka nuna musu ka tambaye su ko za su iya shaidar abin da aka nema. A jikin takardar shaidar akwai wani gurbi na ƙarin bayani, inda jami'i ke rubuta cewa an cika sharaɗi kaza game da ƙwaro kaza, kuma sau da yawa kuskure a wannan gurbin kaɗai yakan sa a tsare kayan da babu ko tsutsa ɗaya a cikinsu. Jami'in ba zai iya rubuta abin da ba a nuna masa ba, kuma bai kamata ya rubuta abin da bai gani da idonsa ba.

Yanzu ga abin da masu binciken ke nema a jikin lemo. Na farko shi ne ƙudan 'ya'yan itace, musamman wani nau'i ɗan asalin Asiya da aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, wanda cikin 'yan shekaru ya iso yammacin Afirka ya addabi mangwaro da lemo. Macen takan huda ɓawo ta zuba ƙwai, ta bar ɗan tabo da ido ba ya saurin kamawa, sannan tsutsa ta ƙyanƙyashe tana cin lemon daga ciki. Duk mai sauke lemo ya san wanda yake da kyau a waje amma idan aka danna sai a ji ya yi laushi a gefe ɗaya. Na biyu wata tsutsar asu ce da ke ko'ina a Afirka kudu da Sahara, wadda ita ma ke shiga cikin lemon ta ɓoye, kuma Tarayyar Turai ta sa ta cikin haramtattun ƙwari tun 2018. Sai kuma cututtukan da ke fitar da baƙin tabo ko ƙuraje a ɓawo, da ƙananan ƙwari masu manne wa ganye da reshe, waɗanda wasunsu ke yaɗa cutar da ke kashe bishiyar lemo gaba ɗaya. Wannan ne ya sa Turai ba ta karɓar lemo da ganye ko da reshe a jikinsa, alhali mu a kasuwa ganyen nan ne ke nuna wa mai saye cewa lemon sabon tsinka ne.

Tunda ƙwarin nan a ciki suke ɓuya, duba na rana ɗaya ba ya wadatarwa, kuma a nan ne tsarin kasuwancinka zai buƙaci gyara. A Zuba mota ɗaya takan ƙunshi lemon gonaki goma ko fiye, an zuba shi tsibi a kan ciyawa, ba wanda zai iya cewa wannan daga gonar wane ya fito. Kayan fitarwa ba sa tafiya a haka. Ka zaɓi gonaki kaɗan a wajen Gboko ko Ushongo a Binuwai waɗanda ka san masu su, ka nemi NAQS ta ziyarce su ta yi musu rajista kafin lokacin tsinka, a rataya tarkon ƙuda a riƙa ƙirga abin da ya kama kowane mako ana rubutawa, a riƙa kwashe lemon da ya faɗo ƙasa ana binnewa da zurfi, domin daga cikinsa ne tsutsar ke fita ta shiga ƙasa ta zama sabon ƙuda. Kowane feshi da aka yi a rubuta sunan maganin da ranar. Littafin nan na gona, ko da kwafin makaranta ne, shi ne abin da jami'i zai dogara da shi idan ya zo rubuta ƙarin bayani. Cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itace ta ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan, ta daɗe tana aiki a kan lemo, kuma wuri ne da za ka iya neman shawara game da tarko da kula da gona.

Bayan tsinka, a kai lemon wurin tsincewa mai rufi da tsabta, a wanke, a cire mai tabo da mai rauni, a zuba a kwali mai ɗauke da alamar gonar da ya fito da ranar da aka tsinke shi. A wannan wurin ne ya kamata a yi binciken ƙarshe, kafin a loda, lokacin da jami'i zai iya ɗaukar kwali daga sama da tsakiya da ƙasa yadda ya ga dama. Kada ranka ya ɓaci idan ka ga yana yanka lemo da yawa. Lissafi ya nuna cewa idan lemo ɗaya cikin ɗari ne ke da tsutsa, sai an duba kusan 300 kafin a samu tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa za a gano ta. Gara a gano ta a nan, inda za ka iya karkatar da kayan zuwa kasuwar gida, da a gano ta bayan ka biya kuɗin jirgi. Katakon da za a jera kwalayen a kai shi ma yana da doka ta duniya: sai an gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko an yi masa turaren magani, kuma an buga masa hatimi. Katakon da kafinta ya haɗa maka a unguwa zai iya sa a tsare kwantena duka.

Game da lokaci, ka sanar da hukumar ranar da kake son bincike tun da sauran kwanaki, a rubuce, tare da nau'in lemon da yawansa da wurin da yake da ƙasar da za shi da kuma tashar da zai fita. Amma kada binciken ya yi nisa da ranar tafiya, domin Turai, alal misali, ba ta karɓar takardar da aka bayar fiye da kwana 14 kafin kayan su bar ƙasa. Saboda haka ka fara kama gurbi a jirgi, sannan ka ƙirgo baya ka tsayar da ranar tsinka da ranar bincike. Kuɗin hukuma kuma ka biya shi zuwa asusun gwamnati, ka riƙe rasitinka. Sauran takardun fitar da kaya, wato rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, da fom ɗin NXP da ake buɗewa ta bankinka, da takardar kamfanin duba kaya da gwamnati ta naɗa, da ta kwastam, dukkansu daban suke, kuma babu wadda ke maye gurbin shaidar lafiyar tsirrai. Ka tabbatar sunanka da na mai karɓa da adadin kwalaye sun zo iri ɗaya a kowace takarda.

Idan ka tambaye ni wanne za ka fara da shi cikin masu sayen nan biyu, ba zan ce ka fara da Turai ba. Dokar lafiyar tsirrai da suke aiki da ita tun Disamba 2019 tana buƙatar hukumar ƙasar da ke fitarwa ta riga ta sanar da su a rubuce irin hanyar da take bi wajen kawar da ƙudan da tsutsar asun, kuma wannan magana ce tsakanin hukuma da hukuma wadda ɗan kasuwa ba zai iya yi da kansa ba. Tun 2022 kuma suka ƙara da cewa lemon zaƙi daga ƙasashen da ke da tsutsar asun sai an sanyaya shi a kusan digiri sifili na tsawon kwana 16 zuwa 20, gwargwadon yawan sanyin, tare da na'urar da ke rubuta yanayin sanyin ba yankewa. Afirka ta Kudu, wadda ke cikin manyan masu fitar da lemo a duniya, ta kai ƙarar wannan sharaɗi gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya saboda nauyinsa. Lemon tsami bai shiga cikin sharaɗin tsutsar asun ba, don haka idan mai sayenka na Turai yana sonsa, hanyarsa ta fi sauƙi. A ganina ka fara da na ƙasar Larabawan, da kaya kaɗan ta jirgin sama daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ka koyi aikin a kan tan ɗaya ko biyu kafin ka shiga batun kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Onne.

Tambaya: Malam, ina da 'yar gonar lemo a wajen Jos. An ba ni shawarar in fesa maganin ƙwari sosai kwana biyu kafin masu bincike su zo, don kada su ga komai. Shin hakan zai taimaka? Daga wata mai karatu, Jos.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki yi haka. Feshin da aka yi a waje ba ya kai wa ga tsutsar da ta riga ta shige cikin lemo, saboda haka jami'i zai yanka ya same ta tana motsi duk da maganin. Sannan za ki jawo wa kanki matsala ta biyu wadda ta fi ta farko, domin ƙasashen da ke karɓar kaya suna auna ragowar magani a ɗakin gwaji, kuma wannan awo daban yake da binciken ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin dichlorvos da aka riƙa samu a cikinsa, wato sinadarin da ke cikin magungunan da mutane ke zuba wa hatsi a ajiya, kuma hanin ya ɗauki shekaru yana aiki a kan kowa, har da manoman da ba su taɓa amfani da shi ba. Kowane maganin feshi na gaskiya yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa waɗanda dole a jira tsakanin feshi da tsinka, kuma wannan jira hakkin mai ci ne, ko a Turai yake ko a Farin Gada nan Jos. Abin da zai taimake ki shi ne tarko, da maganin da ake haɗawa da abin jan ƙuda a ɗiga a ɓangare kaɗan na bishiya, da kwashe lemon da ya faɗo sau biyu ko uku a mako tun daga lokacin da ya fara nuna.

Tambaya: Mu da muke kai lemo Maraɗi a mota ta Jibiya, mu ma muna buƙatar wannan takarda? Daga wani direba, Abuja.

Amsa: Malam, kuna buƙatarta, domin da zarar kaya sun tsallake iyaka sun zama kayan fitarwa, ko da tafiyar ba ta kai ta Abuja zuwa Makurɗi ba, kuma Nijar tana da nata jami'an lafiyar tsirrai da ke da ikon tambayar ta. Ka gaya wa mai kayan ya nemi a duba su a wurin lodi, kafin a ɗaure tamfol, domin sauke mota cike da lemo a bakin iyaka cikin rana yana lalata kaya da yawa. Ka riƙe ainihin takardar a hannunka tare da takardun mota, ka duba cewa lambar motar da adadin kayan da aka rubuta a jikinta su ne na motar da kake tuƙawa.