Tambayoyinku: Neman Kayan Miyar Gida a Birnin Landan

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na biyo maigida Landan. Guzurin kuka da daddawar da na zo da shi ya kusa ƙarewa, kuma na zaga manyan kantunan unguwarmu ban ga ko ɗaya ba. Don Allah akwai shagon Hausawa a garin nan? Daga wata uwargida a gabashin Landan.

AMSA: Wa alaikumus salam, uwargida. Kada ki wahalar da kanki wajen neman shago mai sunan Hausawa. Kusan duk abin da kike nema yana nan cikin garin, sai dai yana hannun wasu al'ummu, kuma da sunan da su suke kiransa. Abin da za ki tambayi kanki a kan kowane kaya shi ne: ban da mu, su wa suke cin wannan? Amsar ita za ta nuna miki ƙofar shagon.

Tunda kina gabas, fara da Queen's Market da ke kan Green Street, dab da tashar jirgin ƙasa ta Upton Park, inda za ki tarar da 'yan Afirka da Indiyawa da 'yan Pakistan wuri guda. Kasuwar Ridley Road a Dalston tana ci daga Litinin zuwa Asabar. In kuma babban cefane ne, ki tsallaka kogi zuwa Rye Lane a Peckham, wadda saboda yawan 'yan Najeriya har ƙaramar Legas ake ce mata, ko kasuwar Brixton. Shagunan Sudaniyawa da Larabawa suna wajen Shepherd's Bush da Edgware Road, na Indiyawa kuwa Southall da Tooting.

Daddawa, a shagon 'yan Gana sunanta dawadawa, busasshiya ce a dunƙule, ita ta fi kusa da tamu. Yarbawa suna ce mata iru, tasu ɗanya ce, a cikin firiza ake ajiye ta, don haka ki leƙa can maimakon kan kanta. 'Yan Mali da Gini suna cewa sumbala. In aka miƙo miki ogiri kada ki karɓa, ba da kalwa ake yin sa ba, kuma zai sauya miki ɗanɗanon miya. Zoɓo shi ne sorrel a wurin mutanen Jamaika, karkade a wurin Larabawa, bissap a wurin 'yan Senegal. Garin busasshiyar kuɓewa kuwa Sudaniyawa ne gwanayensa, weika suke ce masa.

Kuka ce ta fi rikita baƙo. Farin garin da ake sayarwa da tsada a shagunan abincin gina jiki da sunan baobab na 'ya'yan kuka ne, mai tsami, irin wanda ake damawa da nono. Ba ya miya. Ke garin ganye kike so, kore shar, kuma a shagunan 'yan Gana da 'yan Senegal ya fi samuwa. Ga wani ruɗanin: mutumin Senegal lalo yake ce wa garin ganyen kuka, alhali lalo a Hausa wani ganye ne daban, wanda Larabawa ke kira molokhiya, Yarbawa kuma ewedu. Ki ajiye hoton kowane kaya a wayarki ki nuna wa mai shago. Sannan matambayi ba ya ɓata: bayan sallar Juma'a a masallacin da 'yan Afirka ta Yamma ke taruwa, da wuya ki rasa wata hajiya da ke kawo kuka da yaji tana sayarwa daga gida.

TAMBAYA: Na sayi garin masara a kanti don in yi tuwo, sai ya zama kamar sitacin guga. Tuwon shinkafar ma ya ƙi haɗuwa. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Malam, matsalar ba a hannunka take ba, a ledar take. Abin da ake rubuta wa cornflour a Ingila sitacin masara ne zalla, na kaurara miya. Wanda kake so an rubuta masa white maize meal, shi mutanen Kenya ke tuƙa ugali da shi, mutanen Zimbabuwe kuma sadza. Ya fi namu tsaki-tsaki, saboda haka ka bar talgen ya yi minti 10 zuwa 15 yana tafasa kafin ka zuba gari ka tuƙa, sannan ka rufe ya sulala minti 10 a wuta kaɗan.

Shinkafa kuwa, basmati da duk wadda aka rubuta wa easy cook an yi su ne don su dahu wara-wara, ko ka kwana kana tuƙi ba za su kama jikinsu ba. Nemi gajeriyar nan mai suna pudding rice, ko karyayyar shinkafar Tailan a shagon 'yan Asiya. Kofi 2 na shinkafa, kofi 5 zuwa 6 na ruwa, a bar ta ta yi luguf kafin muciya ta shiga. Ita ce kuma ta waina.

Gero da dawa suna shagon Indiyawa: bajra shi ne gero, jowar ita ce dawa, tsamiya kuma imli. Garin gero yana da maiƙo, makonni kaɗan yake yi a waje ya fara ɗaci, don haka ka ɗauki kilo 1 kawai ka sa a firiza. In kunu ko fura kake so mai daɗi, sayi tsabar, ka jiƙa ta kwana, ka markaɗa da citta da kanumfari.

TAMBAYA: Ƙanwata za ta zo daga Kano. Na ce ta taho mini da kilishi da man shanu. Akwai damuwa? Daga wani magidanci.

AMSA: Akwai, Alhaji, kuma gara ka kira ta tun ba ta ɗaure kaya ba. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga Najeriya ko Nijar shigowa da nama ko kayan nono, busasshe ne ko dafaffe. Kilishi da dambun nama da man shanu duk sun shiga ciki, a filin jirgi za a karɓe su a lalata. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20 ga mutum ɗaya. Man shanu ka maye gurbinsa da ghee na shagon Indiyawa, ka soya shi da albasa ya yi ƙamshin gida.

TAMBAYA: Yaya zan gane shagon da zan amince da kayansa, musamman nama da manja? Daga wata mai jego.

AMSA: Barka da arziki, 'yar'uwa. Jami'an ƙananan hukumomi suna ba shaguna makin tsafta daga 0 zuwa 5, a ƙarƙashin tsarin hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar. A Ingila ba dole ba ne mai shago ya liƙa takardar a ƙofa, amma makin yana shafin hukumar a intanet, ki duba da sunan shagon. A wurin mahauci kada ki tsaya ga kalmar halal da aka rubuta a gilashi, ki nemi takardar shaida. Ƙungiyoyin da ke ba da shaidar halal sun bambanta: HMC ba ta amincewa da dabbar da aka sumar kafin yanka, HFA kuwa tana amincewa da wasu nau'o'in sumarwar muddin dabbar tana da rai lokacin yanka. In farfesu za ki yi, ki ce a ba ki boiler, tsohuwar kaza ce mai jure wuta, ba ta narkewa cikin romo.

Manja ki sayi mai tambarin kamfani da adireshi, ki guji wanda aka ɗura a gorar ruwa ba rubutu, domin an sha kama manjan da aka zuba wa jan rinin da doka ta haramta a abinci. In kin ga ya daskare a kan kanta lokacin hunturu, sanyi ne kawai. Ki tsoma gorar cikin ruwan ɗumi na minti 10, zai narke.