Rigar Lamine Yamal, Takalminsa da Kuɗin da ke Aljihunku

Yawancin wasiƙun da suka iso mini a wannan karon a kan mutum ɗaya suke, wato Lamine Yamal, ɗan wasan gaban Barcelona da Sifaniya, kuma kusan kowace wasiƙa da maganar kuɗi take ƙarewa. Na zaɓi biyar na taƙaita su.

Tambaya: Malam, ni mai goyon bayan Barcelona ne tun zamanin Ronaldinho. Ina so in sayi riga mai sunan Yamal, amma abokaina suna cewa zuzuta shi kawai ake yi, nan da shekara uku an manta da shi. Ya cancanci wannan yabo, ko in dakata?

Amsa: Ɗan'uwa, idan yabon abin da yaron ya riga ya yi ake nufi, to ya cancanta, kuma duk wanda ya musa ko dai bai kalli wasansa ba ko kuwa adawar ƙungiya ce ta rufe masa ido. An haife shi a watan Yulin 2007, kocin Barcelona na lokacin, Xavi, ya fara saka shi a wasan La Liga da Real Betis a watan Afrilun 2023 yana da shekara 15. A gasar cin kofin nahiyar Turai ta 2024 ya zura wa Faransa ƙwallo daga wajen da'ira a wasan kusa da na ƙarshe, alhali bai cika 17 ba, kwana ɗaya bayan ya cika kuma ya ba Nico Williams ƙwallon farko a wasan ƙarshe da Sifaniya ta doke Ingila da ci 2 da 1. A kakar da ta biyo baya, ƙarƙashin koci Hansi Flick, ya ɗauki La Liga da Copa del Rey, ya wahalar da 'yan bayan Inter Milan a gasar Zakarun Turai duk da cewa Inter ce ta wuce, sannan ya zo na biyu a kyautar Ballon d'Or ta 2025, wato kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, bayan Ousmane Dembélé. Wannan duk a gaban idon jama'a aka yi shi, gani kuwa ya kori ji.

Sai dai abokanka ba su yi maganar banza gaba ɗaya ba. A kakar 2024 zuwa 2025 ƙwallo 9 ya ci a La Liga, yayin da Lewandowski ya ci 27, Mbappé kuma 31. Na san aikinsa daga gefen dama yake, yanka da raba ƙwallo sun fi yawa a cikinsa, amma masu kiransa gwanin duniya ya kamata su riƙa faɗin wannan adadi tare da sauran. Abin da ya fi damuna ma jikinsa ne. Ansu Fati shi ma yana da shekara 16 ya fara buga wa Barcelona a 2019, shi ma da Betis, aka yi ta kambama shi kamar yadda ake yi yanzu, sai ga shi a watan Nuwamban 2020 ya ji rauni a gwiwa, aka yi masa tiyata fiye da sau ɗaya, bai sake komawa yadda yake ba. An ba shi lamba 10 da Messi ya bari, daga baya aka tura shi aro Brighton, sannan Monaco. Pedri ya buga wasa sama da 70 a kaka ɗaya yana ɗan shekara 18, ya biya bashin da doguwar jinya. Bojan Krkić kuwa da bakinsa ya bayyana cewa fargaba da matsin lamba ne suka hana shi zuwa gasar Turai ta 2008. Duk 'yan ƙungiya ɗaya ne, wato Barcelona, kuma ba wanda ya rasa baiwa a cikinsu. Shi ya sa magabata suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Game da rigar, ka saya idan kana da hali, domin ƙungiyarka ce kuma ka ga abin da ya burge ka. Ka dai tuna cewa yaron ya sa lamba 41, ya koma 27, ya koma 19, sannan ya karɓi 10 a 2025, saboda haka ka duba kakar da rigar take kafin a buga maka lamba.

Tambaya: Mun yi musu da abokina har mun ajiye kuɗi: ni na ce Yamal ya riga ya fi Messi. Ka raba mana gardama.

Amsa: Ka je ka ɗauke kuɗinka tun bai zama na wani ba. Messi ya ci wa Barcelona ƙwallo 672, ya ci wa ƙungiyarsa da ƙasarsa 91 a cikin shekarar 2012 kaɗai, ya lashe Ballon d'Or sau 8, ya ɗaga kofin duniya a 2022. Ka dawo da tambayar nan da shekara 15, idan Allah ya kai mu. Ajiye kuɗi a kan musu kuma caca ce ko da tsakanin abokai ne, kuma ba na raba gardamar caca.

Tambaya: Malam, ni uwa ce. Ɗana mai shekara 11 ya yi ƙoƙari a makaranta, na yi masa alkawarin rigar Yamal. Na ga wani yana tallata ta a intanet, ya rantse ta asali ce, a rabin kuɗin da ake sayarwa a shagon ƙungiyar. Na daɗe ina tara kuɗin, ina tsoron a cuce ni, ina kuma tsoron saɓa wa yaron alkawari.

Amsa: Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, kin yi daidai da kika tambaya kafin ki tura kuɗi, kuma Allah ya raya miki yaron. Ba za ki saɓa alkawari ba. Amma kada ki tura wa mutumin nan ko sisi tukuna.

Riga iri uku ce a kasuwa. Akwai irin wadda 'yan wasa ke sawa a fili, mai matse jiki, ita ce mafi tsada. Akwai ta magoya baya, wadda ita ma kamfanin Nike ne ke ɗinka ta da izinin Barcelona, ta fi sakewa a jiki kuma ta fi jure wanki, ita ce ta dace da yaro. Ta manya daga cikin wannan, idan aka buga suna da lamba, tana haura yuro 100 a shagon ƙungiyar, ta yara tana ƙasa da haka kaɗan. Ta uku ita ce jabu, wadda ba ruwan Nike ko Barcelona da ita, kuma ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Sabuwar rigar ɗan wasan da kowa ke rububinsa ba ta faɗuwa zuwa rabin kuɗi a tsakiyar kaka, domin mai kayan ba shi da dalilin yin asara a kan abin da ake layi a saya. Rangwamen gaskiya yana zuwa ne a ƙarshen kaka, lokacin da sabuwar riga ta kusa fitowa.

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba na zagin wanda ya sayi ta kwaikwayo yana sane, a kuɗinta na kwaikwayo, tunda kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda nake jin haushinsa shi ne mai ɗaukar jabu ya naɗe ta a leda mai ƙyalli, ya rataya mata takarda, ya ninka kuɗinta sau uku ko huɗu, ya dube ka ya rantse. Waɗannan mutane suna rayuwa ne a kan zuzutawa: duk daren da yaron ya ci ƙwallo mai kyau, da safe sai ka ga tallarsu ta cika waya, ana cewa saura guda biyar, wanda bai saya yau ba ya rasa. Wannan gaggawar ita ce jarinsu, domin mai gaggawa ba ya juya riga ya duba ɗinki. Ni kaina an taɓa yi mini haka da rigar wani ɗan wasa shekarun baya, wanki biyu lambar ta fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, da na nemi mai kayan kuwa lambar wayarsa ta riga ta mutu. Abin takaicin shi ne iyaye irinki su ne abincinsu, saboda sun san uwa ba ta san bambancin rubutun da ke bayan rigar La Liga da na gasar Zakarun Turai ba, burinta kawai ta ga ɗanta yana murna.

To ga abin da za ki yi. Ki ce ya ɗauko miki bidiyon rigar da ke hannunsa, ba hoton da ya kwafo daga shafin ƙungiyar ba, ya juya cikinta ya nuna miki ƙaramin ƙyallen da ke ɗauke da lambar kaya, wadda haruffa ne da alƙaluma. Ki rubuta wannan lamba a intanet. Idan ta fito da wata riga daban, ko ba ta fito da komai ba, magana ta ƙare. Ki dubi ɗinkin ciki ko zare na reto, ki dubi tambarin ƙungiyar ko ya karkace, ki kwatanta siffar lamba 10 da wadda kike gani a hotunan wasa. Idan rigar Sifaniya ce, Adidas ke yin ta, don haka duk wadda ta zo da alamar Nike ba sai an yi dogon bincike ba. Idan ya fara fushi da tambayoyinki ko ya ce sai kin biya duka kafin ki gani, ki rabu da shi.

Idan kuɗin ta asali ya fi ƙarfinki, babu abin kunya. Yaro mai shekara 11 zai fi ƙarfin rigar kafin shekara ta zagayo, ƙungiyar kuma kowace kaka sabuwa take fitarwa. Kina iya neman ta asali ta kakar da ta wuce, wadda kuɗinta ya sauka, ki ɗauki wadda ta ɗan fi shi girma, ki riƙa wanke ta a juye da ruwan sanyi, kada dutsen guga ya taɓa lambar.

Tambaya: Ina buga gaba a ƙungiyar matasa. Idan na sayi irin takalmin Yamal, wasana zai ƙaru?

Amsa: A'a, ƙanena. Takalminsa Adidas F50 ne, kuma kamfanin yana fitar da shi mataki-mataki, daga mai tsadar da ƙwararru ke sawa zuwa mai sauƙin kuɗi, kusan duk kala ɗaya. Abin da ya shafe ka shi ne ƙasan takalmin ya dace da filin da kake bugawa, domin dogayen haƙoran da aka yi don ciyawa suna iya jawo maka targaɗe a busasshen fili ko a ciyawar roba. Ka gwada da safar wasa a ƙafarka, ka sayi matsakaici, ragowar lokacinka ka kashe shi wajen koyon bugu da ƙafar da ba ka iya ba.

Tambaya: An yi mini tayin riga mai sa hannun Yamal da wasu katunan hotonsa, an ce in ajiye, nan da shekara biyar kuɗinsu zai ninka. Jari ne mai kyau?

Amsa: Alhaji, sa hannu shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo a duk kayan ƙwallo, takardar shaidar da ake haɗowa da shi kuma duk mai injin buga takarda zai iya yin irinta. Ko da na gaske ne, kuɗin da ake nema a wurinka yau an riga an lissafa har da kofunan da ake zaton zai ci nan gaba, saboda haka ribarka ta rataya ne a kan gwiwar matashi da cinyarsa. Atlético Madrid, da likitocinta da masu yi mata farautar 'yan wasa, ta biya Benfica yuro miliyan 126 a kan João Félix a 2019 yana da shekara 19, bayan shekara biyar ta sayar da shi ga Chelsea a ƙasa da rabin wannan kuɗi. Ita ta samu mai saye. Kai idan farashi ya faɗi, rigar da katunan a akwatinka za su zauna. Idan sha'awa ce, ka sayi kati ɗaya mai araha ka saka a firam. Sauran kuɗin ka mayar da su cikin sana'ar da ka sani.