Legon, KNUST ko Tarkwa: ina zan kai yarona ya karanta ilimin duwatsu?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Aboabo, Kumasi. Ɗana ya ci WASSCE, jarrabawar gama sakandare, da kyau a lissafi, fiziks da kemistiri, yana son karanta ilimin duwatsu da ma'adinai. Yayana ya dage sai a kai shi Tarkwa, wai shekara 2 ta ishe shi ya nuna mana inda zinari yake a gonarmu. Hankalina bai kwanta ba. Wace jami'a ta fi?

Amsa: Alhaji, Allah ya raya yaro. Duka ukun digiri ne na shekara 4, sai shekarar hidimar ƙasa. Legon, wato Jami'ar Gana da ke Accra, kimiyyar ƙasa take koyarwa, ta dace da mai son bincike, ruwan ƙarƙashin ƙasa ko man fetur. KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, da UMaT, jami'ar ma'adinai ta Tarkwa, injiniyancin duwatsu suke yi, lissafi ya fi yawa. KNUST tana nan kusa da ku, kuɗin ɗaki zai ragu, ga tafkin Bosumtwi, ramin da dutsen sama ya haƙa kimanin shekara miliyan 1 da suka wuce. UMaT, wadda ta zama jami'a a 2004, tana zaune a tsakiyar ma'adinai. In aikin mahaƙa yake so, can zan tura shi. Ya tambayi ɗaliban kowace: kwana nawa suke yi a daji da guduma da taswira?

Maganar yayanka kuwa ita ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na ji ta. Babu jami'ar da take koya wa mutum ya dubi ƙasa ya ce ga zinari nan. A Tarkwa kamfani kan niƙa tan guda na dutse ya samu giram 1 ko 2 kacal. Wane ido zai ga wannan? Kafin a ce wuri yana da zinari, sai an zana taswirar duwatsu, an ɗebi samfurin ƙasa, an huda rami bayan rami, an kai ɗakin gwaji, shekaru ana abu ɗaya, sau da yawa kuma a tashi hannu rabbana. Duwatsun da ake kira Birimian, masu ɗauke da zinarin Obuasi, sun haura shekara biliyan 2, a lanƙwashe suke, a kakkarye, jijiyar da ka gani yau tana iya ɓacewa bayan taku goma.

Masu yawo da na'ura mai ƙara suna karɓar sidi a hannun mutane, da bokayen da ke cewa sun ga arziki a mafarki, su ne ke tura yaranmu ramin galamsey, wato haƙar zinari ba bisa doka ba. Rami ya rufta a kan ɗan mutum, zaiba ta shiga jinin wani, kogin Pra da Ofin sun koma kamar koko. Ka kashe kuɗin shekara 4 don ɗanka ya zama ɗan jagoran wannan ɓarna? Ai amana ce Allah ya ba ka, kuma za a tambaye ka. Ko da zinarin yana gonarku, dokar Gana ta ce ma'adinai na ƙasa ne, sai da lasisi ake taɓa su.

Ka gaya wa yayanka, cikin ladabi, cewa ko rijiyar burtsatse yaron nan ya iya gano wa unguwa, ya ci abincinsa da halal. Fam ɗin neman shiga jami'a kuma ya saya ta hanyar da jami'a ta sanar, kada ku ba wani ɗan “koneshan” ko kwabo.