Apache ya ƙi tashi, MySQL kuma ya tsaya bayan ɗauke wuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗora XAMPP (manhajar da ke haɗa Apache mai buɗe shafi da MySQL mai ajiye bayanansa) a kwamfutata mai Windows 10 ina gina shafin WordPress. Kwana biyu ke nan in na danna Start, Apache sai ya tsaya nan take. MySQL kuma tun ranar da aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki yake rubuta "MySQL shutdown unexpectedly". In goge XAMPP ɗin in sake ɗorawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka goge. Duk rubutun shafinka yana cikin C:\xampp\mysql\data, in ya tafi ya tafi ke nan. Matsaloli biyu ne, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya.

Na Apache galibi rikicin ƙofa ne, wato port, lambar da manhaja ke karɓar saƙo ta cikinta. Yana sauraro a ƙofa ta 80, da ta 443 don https, kuma manhajoji biyu ba sa zama a ƙofa ɗaya. Buɗe Command Prompt ka rubuta netstat -ano | findstr :80, ka duba lambar da ke ƙarshen layin da aka rubuta LISTENING, ita ce lambar manhajar da ta riƙe ƙofar. In ka ga 4, Windows ne da kansa ya riƙe ƙofar, yawanci ta hanyar IIS, sabar yanar gizo ta Windows. Shiga services.msc, ka tsayar da World Wide Web Publishing Service, ka mayar da shi Disabled don kada ya dawo in ka sake kunna kwamfuta. In wata lamba ce, nemo ta a Task Manager ka ga mai ita. Haka za ka duba 443 da findstr :443; tsoffin sigogin VMware Workstation sun saba kama ta.

Ana iya kauce wa rikicin ta buɗe httpd.conf, fayil ɗin saitin Apache, a canza Listen 80 zuwa Listen 8080. Ni dai na fi son a kori mai riƙe da ƙofar, domin WordPress ya riga ya ajiye tsohon adireshi, zai ci gaba da tura ka localhost babu 8080 har sai ka gyara siteurl da home a teburin wp_options.

Na MySQL ya fi bukatar natsuwa. Wuta ta ɗauke yana cikin rubutu, wasu fayilolinsa suka lalace. Fara karanta layukan ƙarshe na mysql_error.log, in ƙofa ta 3306 yake kuka da ita, wani MySQL ne daban a kwamfutar, sai ka tsayar da shi. In kuwa lalacewa ce, rufe XAMPP gaba ɗaya, ka canza wa babban fayil (folder) ɗin data da ke C:\xampp\mysql suna zuwa data_old. Kwafi babban fayil ɗin backup da ke gefensa, ka sa wa kwafin suna data. Daga data_old ɗauko babban fayil mai sunan rumbun bayanan shafinka kaɗai, ban da mysql, performance_schema da phpmyadmin. Sannan ka ɗauko fayil ɗin ibdata1 daga data_old ka maye gurbin na sabon data. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe: in ka manta ibdata1, phpMyAdmin, shafin da ake duba rumbun bayanai da shi, zai nuna maka sunayen tebura amma ya ce babu su.

Da zarar ya tashi, shiga phpMyAdmin ka yi Export, ka ajiye fayil ɗin .sql a filasha. Riƙe data_old har sai shafin ya buɗe daidai. In kwamfutar tebur ce, nemi ƙaramin UPS (batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta), kuma ka riƙa danna Stop kafin ka kashe ta.