Kulob ɗin hoki ba ya saye kamar Al-Hilal

Ɗan'uwa kana tambaya ko kulob ɗin hokin ƙanƙara zai iya zuba kuɗi ya kwaso taurari kamar yadda Al-Hilal ke yi mana nan Saudiyya. A'a, a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, tun 2005 akwai iyakar albashin da kowane kulob zai biya, sabbin yara kuma layi ake bi wajen zaɓensu, waɗanda suka ƙare a ƙasan tebur su ke kan gaba.

Ni daga Jidda nake bin Montreal Canadiens ta Kanada, wasansu sai wajen ukun dare wallahi. An kafa ta 1909, kofin Stanley (kofin zakaran NHL) 24 gare ta, iyalan Molson masu ita ba talakawa ba ne amma rabonta da kofi tun 1993, dole manaja ya yi renon yara a ƙaramin kulob ɗinsu na Laval.