Mota ko jirgi: ta wace hanya zan kai mahaifiyata Abuja a lokacin annobar korona?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Mabera nake, cikin garin Sakkwato. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana da ciwon suga da hawan jini, kuma an ba ta ranar ganin likitan ido a Abuja. Wasu sun ce jirgi ya fi haɗari tunda a rufe yake, wasu sun ce mota ce ta fi. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Idan da hali, ka kai ta a jirgi.

Korona numfashi take bi. Wanda ke ɗauke da ita yana fitar da ƙwayar cutar idan ya yi tari ko atishawa, har ma in yana hira kawai, kuma zai iya yaɗa ta kafin shi kansa ya ji ciwo. Don haka abin dubawa shi ne tsawon lokacin da Hajiya za ta zauna kusa da mutane, da yadda iskar wurin ke sauyawa. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja tafiyar kamar awa ɗaya ce. A mota kuwa, ko ta Gusau da Funtuwa aka bi ko ta Jega da Yawuri da Kontagora, yini guda ake yi, kafaɗa da kafaɗa da baƙin fuska, ga tsayawa cin abinci da sallah a wurare masu cunkoso.

Maganar cewa jirgi a rufe yake gaskiya ce, amma iskar cikinsa ba a tsaye take ba. Manyan jiragen fasinja na sabunta ta duk bayan minti 2 zuwa 3: ana shigo da wata daga waje, sauran kuma a tace ta da matatar da ke kama fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi. Inda na fi jin tsoro shi ne ƙasa: layin tantancewa, ɗakin jira, turereniyar shiga, da lokacin da jirgi ya tsaya kowa ya miƙe yana sauko da jaka. Ku zauna nesa da taro, in an sauka ku bari mutane su fice tukuna. Tafiyar awa ɗaya ce, ta ci abincinta ta sha maganinta tun daga gida don kada ta cire takunkumin fuska a cikin jirgin.

Kada ka dogara da na'urar auna zafin jiki irin wadda aka riƙa haska wa mutane a goshi a filayen jirgi. Mai zazzaɓi kaɗai take kamawa, wanda cutar ba ta bayyana a jikinsa ba wucewa yake yi. Da aka sake buɗe zirga-zirgar jiragen cikin gida a watan Yulin 2020, bayan ɗage haramcin tafiya tsakanin jihohi ranar 1 ga watan, na lura mutane sun ɗauki wannan awon tamkar shaidar lafiya, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Na san kuɗin jirgi ba kowa ke iyawa ba. In mota ce, ka daure ka yi shata, ku uku da direba, ko ka saya mata kujera biyu kusa da taga. Bas ɗin da aka yi wa lodi fal ba wurin tsohuwa mai suga ba ne a lokacin annoba. A bar tagogi biyu a buɗe ko da kaɗan ne, ɗaya gaba ɗaya baya, domin iska ta ratsa. Ƙurar hunturu kan sa a rufe gilashi ruf a kunna na'urar sanyi. In an yi haka, a ce wa direba ya saita ta ta riƙa jawo iskar waje. Ku yi sammako yadda dare ba zai same ku a hanya ba, saboda matsalar tsaro. Duk bayan awa biyu ta sauko ta taka ƙafa, kuma ku riƙe guzuri da ruwa da magungunanta a hannu, kada sugarta ta faɗi.

Kafin ku tashi, a tabbata ta yi allurar rigakafin korona. Ta iso Najeriya tun Maris 2021, kyauta aka riƙa yin ta, kuma masu shekaru irin nata su suka fi buƙata. Kai ma ka yi, tunda kai ne za ka fi kowa kusantar ta. Ka kuma tambayi likitanta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko aikin idon zai yiwu a nan gida. In zai yiwu, an huta da tafiyar. Idan ɗayanku ya tashi da zazzaɓi ko tari ranar tafiya, a fasa.

Bayan kun dawo, a sa mata ido na kwana 14, a rage 'yan sannu da zuwa a ɗakinta. Da ta fara zazzaɓi, ko ta daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ko numfashi ya yi mata wuya, kada a tsaya sayen maganin maleriya a kemis. A kai ta asibiti nan take, a faɗa musu daga tafiya take, ko a kira hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, a lamba 6232.