Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ake Ɗaura VT, Wanne Kuma Za a Saya?

*Masana'antarmu a Sharaɗa tana da taransifoma 33/11kV. Ɗan kwangila ya ce rilen difarenshiyal ba zai yi aiki ba sai mun ƙaro VT. Haka ne?*

Ba haka ba ne, Alhaji. Wannan rile, na'urar kariya da ke sa a yanke wuta in an sami matsala, amfiyar da ke shiga taransifoma yake gwadawa da wadda ke fita, CT kaɗai yake buƙata, wato taransifomar awon amfiya. Aikin VT, wato taransifomar awon bolteji, shi ne sauko da bolteji zuwa 110V domin rilen hawa da faɗuwar bolteji, da mai gane inda wuta ta dosa, da na'urar sauya taf, mai daidaita boltejin da taransifoma ke fitarwa. Ka ce ya nuna maka wanne yake nufi.

*Sabon ma'aikaci ne ni, an bar mini zaɓin wurin ɗaura VT, kuma ina tsoron kuskure.*

Kwantar da hankalinka, ƙanena, tambayar ta dace. In don na'urar sauya taf ne, ɗaura shi a ɓangaren 11kV, tsakanin taransifoma da birekarta, wato makunnin yanke wutarta, don ya ga bolteji ko an buɗe bireka. Na kan basba, wato sandar da ke raba wuta ga layuka, yana makancewa da zarar an buɗe. Sa fis a sakandare, wato ɓangaren da ke kai wa rile, ka haɗa ta da ƙasa a wuri ɗaya tak. Ka riƙe wannan: sakandaren CT ba a barin ta a buɗe, ta VT kuwa ba a haɗe bakinta, ƙonewa zai yi.

*Na samu VT na hannu a rabin kuɗi, sabon fenti fes. In saya?*

Fentin ne zai tsare maka taransifomar? Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya zuba miliyoyi a taransifoma, sannan ya tsaya ƙoron abin da zai zama idon rile! Ana kwaso wanda danshi ya shiga ko roba ta tsage, a shafe, a liƙa sabon allon bayani. Ranar da layi ɗaya ya taɓa ƙasa, boltejin sauran biyun zai iya hawa har ninki 1.73, nan ruɓaɓɓe yake fashewa, ya tafi da fanel ɗin. Saboda haka duba allon: aji 3P ko 6P na kariya ne, 0.5 na mita ne, kuma a nemi mai jure ninki 1.9 in ba a haɗa nutural da ƙasa kai tsaye ba. Lambar jikinsa ta dace da ta takardar gwajin masana'anta. A gwada reshiyo da folariti, a buga mega, na'urar gwada ko wuta na yoyo, a gabanka. Wanda ya ƙi a gwada, bar masa kayansa.